Allon tunawa da Malam: wane katako, wane bit, me za a rubuta?

Ɗan Sharaɗa: Assalamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. Shawara nake nema. Mahaifinmu ya rasu a watan azumin 1445, wato Maris na 2024. Makarantar allo ya riƙe a ƙofar gida tsawon rayuwarsa, bayan rasuwarsa tsofaffin almajiransa suka haɗa hannu aka gina ajujuwa biyu a wurin. Sun ce tunda ni ke aiki da injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, in sassaƙa allon katako da sunansa a kafa a makarantar. Ni kuma aikina ƙofofin kabad ne da MDF, ban taɓa yanka rubutu a katakon gaske ba. Injin da nake kai 1325 ne na Sin, sifindil ɗinsa, wato motar da ke juya bakin yanka, kilowat 3 mai sanyaya da ruwa, da manhajar ArtCAM nake zane. Girman da nake so santimita 60 a tsaye, 35 a faɗi, da siffar allon karatu har da kansa. Rubutun Larabci a sama, Hausa a ƙasa. Wane katako zan saya, kuma da wane bit, wato bakin yankan da ake ɗaura wa injin?

Baba Na'ibawa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya sa Aljanna ce makoma. Yaro, a ina za a kafa shi? Cikin aji ko waje?

Ɗan Sharaɗa: Amin Baba. A baranda ne, ƙarƙashin kwano. Ruwa ba ya dukan wurin sai in an yi iska mai ƙarfi.

Ustaz na Fagge: Allah ya gafarta masa. Na ji daɗi da ka ce makaranta. Da na ga kan maganar sai gabana ya faɗi, na ɗauka a kan kabari za a kafa. Hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito ya hana shafe kabari da gini a kansa da zama a kansa, ruwayar Tirmizi kuma ta ƙara da hana rubutu a kai. Makaranta daban ce. Amma ina da magana kan abin da za a rubuta, zan dawo bayan la'asar.

Kafintan Zamani: Ɗan'uwa kada ka wahalar da kanka. MDF mai kaurin milimita 18, ka yanka, ka fesa fenti, ka gama a yini guda. Ba ya tsagewa, ba ya kantarewa, rubutu yana fita tsaf tunda ba shi da jijiya. Kuma hannunka ya saba da shi.

Baba Na'ibawa: A'a. MDF garin katako ne da gam aka matse. Damina ɗaya ta buga masa feshi gefensa ya kumbura kamar burodi a shayi, kuma inda ka yanka rubutun nan ne ruwan zai fara shiga. Abin da za a rataya don malamin da ya yi wa mutane karatu shekara da shekaru ba a yi masa haka. Ka nemi maɗaci busasshe. Jan katako ne mai kyau, yana karɓar yanka, in ya sha mai yana yin duhu mai ɗaukar ido. In ba ka samu ba ka ɗauki loko, wanda 'yan kudu ke kira iroko, shi ya fi jure ruwa da gara. Kada ka kusanci obeche da afara a wannan aiki, taushi gare su, gefen harafi zai yi gashi, ƙwari kuma suna son su.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Allah ya jiƙan tsoho. Mu nan da ni ne ƙirya zan nema. Itacen da ake turmi da taɓarya da shi, gara ba ta iya masa komai, jikoki ma za su tarar da allon.

Baba Na'ibawa: Gaskiyarka kan ƙarfi, ɗan Damagaram, amma a ina zai samu falankin ƙirya mai faɗin santimita 35 da ya bushe bai tsage ba? Maƙera da masu gawayi sun cinye manyan. Kuma taurinta zai dakushe masa bit kafin ya kai rabin rubutu.

Ɗan Damagaram: Haka ne Baba. To maɗobiya fa?

Injiniya Panteka: Maɗobiya kyakkyawa ce, amma ita ce aka yi ta lodawa daga Taraba da Kogi zuwa Sin har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu tun 2017. Ni ba zan ƙara wa masu sararta kasuwa ba. Maɗaci ya wadatar.

Ɗan Sharaɗa: To na tsaya kan maɗaci. Baba, ta yaya zan gane ya bushe? Kowane mai katako cewa yake nasa busasshe ne.

Baba Na'ibawa: Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran. Katakon da aka sauke daga mota makon jiya a cike yake da ruwa, in ka sassaƙa shi yanzu hunturu na zuwa zai banƙare ko ya tsage ta tsakiyar sunan Malam. Ka shiga can cikin rumfa inda tsofaffin falankai suke jingine sun yi ƙura. Ka ɗaga, busasshe ya fi sauƙin nauyi. Ka ƙwanƙwasa, zai yi ƙara mai tsabta. Ka sa a yanke maka santimita biyar daga baki ka taɓa cikin, in da sanyi-sanyi to da sauransa. Bayan ka kai shago kada ka taɓa shi tukuna. Ka kwantar da shi a inuwa kan sanduna, iska na shiga sama da ƙasa, kana ɗora shi a sikeli bayan kwana uku-uku. Ranar da nauyin ya daina raguwa, ranar ya yarda a yi aiki da shi. Ban da shanya a rana, wannan ke tsaga baki.

Sannan falanki ɗaya mai faɗi ya fi saurin kantarewa. Ni da ni ne zan tsaga shi gida uku a tsaye, in juya na tsakiya, in haɗa da gam in matse kwana guda. In haɗin ya yi kyau sai an ƙura ido za a ga layin.

Injiniya Panteka: In akwai mai na'urar auna danshi kusa da kai ka ara. A Kano ina son in ga ƙasa da kashi 10 kafin in hau katako da bit. Kauri kuma ka bar shi milimita 25 zuwa 30 bayan an fere.

Kafintan Zamani: Duk wannan jiran saboda allo guda? Mutane fa suna jira a buɗe makaranta.

Ɗan Sharaɗa: Karatu ya riga ya ci gaba, Yaya. Allon ne kawai ya rage, ba mai kora ta.

Injiniya Panteka: To ga maganar bit. Rubutu da bit mai baki V ake yi, kuma a irin wannan yanka faɗin layin harafi shi ke yanke zurfi. Da bit mai digiri 90 zurfin rabin faɗi ne: layi mai faɗin milimita 8 zai nutse milimita 4. Da mai digiri 60, wannan layin zai nutse kusan milimita 7. Don haka manyan haruffa, kamar sunan Malam, ka ba su 90 don kada ramin ya yi zurfi da yawa. Ƙanana kuma ka ba su 60, saboda siririn layi mai faɗin milimita 1 da bit 90 rabin milimita kawai zai shiga, samfefa ɗaya ta share shi. Larabci cike yake da irin waɗannan, wasulla da ɗigo da wutsiyar haruffa.

Abin da ke biye da wannan shi ne dole fuskar katakon ta kwanta daidai da injin. In gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu da rabin milimita, haruffan can za su yi kauri, na nan su sirance ko su ɓace. Kada ka dogara da injin fere na kasuwa. Ka ɗaure katakon a gadon CNC, ka sa bit mai faɗin baki ka share fuskar gaba ɗaya, sannan ba tare da ka kwance shi ba ka canza bit ka ɗauki sifirin Z, wato inda injin zai fara auna zurfi, a saman fuskar. Duk canjin bit, sabon sifirin Z. X da Y, wato sifirin faɗi da tsawo, kada ka taɓa su, kuma ka rubuta lambobinsu a takarda.

Gudu kuma, ni a maɗaci ina farawa da juyi 16,000 zuwa 18,000 a minti, tafiya milimita 1,200 zuwa 1,500 a minti, nutsewa 500, kowane zagaye kada ya ci fiye da milimita 2 ko 3. Ka saurari injin, ka duba abin da ke fita. In ɓarɓashi ne to lafiya. In gari ne mai laushi da ƙauri, tafiyar ta yi kaɗan ko bit ya dakushe, zai ƙona maka gefen harafi. Kewayen allon ka yanke shi a ƙarshe da bit miƙaƙƙe na milimita 6, ka bar 'yan gadoji huɗu ko shida su riƙe shi.

Ɗan Sharaɗa: Allah ya saka da alheri Injiniya, na kwafe duka. Sai dai ga wata matsala. Na gwada buga Larabci a ArtCAM ɗazu, haruffan sun rarrabu kowanne shi kaɗai, kuma daga hagu suka fara. Hausar ma inda ƙ da ɗ suke akwati ne ya fito.

Malama 'Yar Zazzau: Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan Baba. Wannan ɓangaren nawa ne, aikin zane nake yi wa masu buga kati da allunan makarantu. Kada ka buga rubutun a ArtCAM. Ka rubuta a Inkscape ko CorelDRAW, ka mai da haruffan su zama zane, sannan ka fitar da fayil ɗin DXF ko EPS ka shigar. Kafin ka fitar ka narkar da haruffan Larabcin su zama jiki ɗaya, domin a inda harafi ya haɗu da ɗan'uwansa layukansu suna hawa juna, injin kuma zai bar tudu a daidai mahaɗar. Na Hausa ka ɗauki Charis SIL ko Gentium ko Noto Serif, duk suna da ɓ da ɗ da ƙ manya da ƙanana. Don Allah kada ka yarda a rubuta su ba lanƙwasa, malami ake tunawa.

Amma ina da tambaya. Marigayi Baba wane irin rubutu yake yi? In malamin allo ne na Kano ai Warshu ne, fa'un da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Yawancin haruffan kwamfuta na gabas ne. Almajiransa za su ga allon su ji ba irin rubutun da ya koya musu ba ne.

Ɗan Sharaɗa: Wallahi Warshu ne, Malama. Ban kawo wannan a raina ba.

Malama 'Yar Zazzau: Ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL suna da haruffa kyauta masu suna Alkalami, an zana su ne a kan rubutun Kano, akwai kuma Harmattan. Amma akwai abin da ya fi su. Ba ya bar takardun da ya rubuta da hannunsa? In akwai inda ya rubuta addu'a ko sunansa da alƙalami da tawada, ka ɗauki hoton a haske mai kyau, waya a miƙe a saman takardar, a bi layin a kwamfuta a mai da shi zane. Alƙalamin kara yana ba da layi mai kauri da siranta, kuma irin wannan layin bit V ya fi fitarwa da kyau. Aiki ne mai cin lokaci, sai an bi kowane harafi an share tsagin takarda, amma ka turo min ni zan yi, ba sai ka biya ba.

Ɗan Sharaɗa: Akwai su cikin gafaka a ɗakin Hajiya. Malama, Allah ya biya ki, ya jiƙan naki magabatan. Zan roƙi Hajiya ta buɗe min yau da dare.

Ustaz na Fagge: Na dawo. Shawarar Malama ta yi, sai dai a zaɓi abin da za a ɗauko. Ra'ayina kada a sassaƙa ayar Alƙur'ani. Allo a baranda yake, yara na wasa, ƙura na hawa, wata rana a sauke shi za a yi fenti a jingine shi a ƙasa. Sannan gwajin da za ka yi a guntun katako fa, ina za a kai shi da aya a jiki? Na biyu, a bar kirari. Na sha ganin allunan da aka cika da laƙabi layi biyar, babu ko layi ɗaya na addu'a. Mamaci addu'a yake buƙata. Hadisin Abu Huraira a Muslim ya ambaci abu uku da ba sa yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Malam ya bar ukun nan. Allon ya zama mai tuna wa duk wanda ya shigo ya ce Allah ya jiƙansa.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta Malam, a nan ban bi ka duka ba. Masallatanmu cike suke da ayoyi a bango, makarantar Alƙur'ani kuwa yara da allunan ayoyi a hannu suke wuni. In an kafa shi sama da kai da sukurori masu ƙarfi, mene ne laifin basmala a samansa?

Ustaz na Fagge: Ban ce haramun ba ne, ɗan'uwa. Allon yaro ana wanke shi a san inda aka kai ruwan, sassaƙa kuwa ba ta wankuwa. Kiyayewa nake nufi. In iyalin sun ga za su iya kula da shi, su suka san wurin.

Ɗan Damagaram: To a kan guntun gwaji na yarda da kai. Sai ya gwada da wasu kalmomi.

Kafintan Zamani: Ni da na so a sa hotonsa ma. Akwai manhajar PhotoVCarve da ke mai da hoto layuka, yana fita sosai.

Ɗan Sharaɗa: A'a Yaya, Malam ko a raye ba ya son hoto, na katin zaɓe ma da ƙyar. Ga abin da muka tsayar da yayyena. A sama addu'ar neman gafara da rahama da hannunsa, in an same ta a takardun. A tsakiya sunan makarantar da sunansa. A ƙasa shekarar rasuwa, Ramadan 1445 da Maris 2024, sai layi ɗaya: Allah ya jiƙansa da rahama. Sunayen waɗanda suka ba da kuɗi ba za a sa ba, su da kansu suka ce a bari.

Ustaz na Fagge: Madalla. Kafin bit ya taɓa katako ka buga zanen a takarda da girmansa na gaskiya, ka kai wa alaramma biyu daga cikin almajiransa su karanta harafi-harafi, kowanne shi kaɗai. Ɗigo ɗaya in ya ɓata a wajen share hoton, kalma ta canza.

Baba Na'ibawa: Saura fenti. Maɗaci yana da ƙofofi a jikinsa, in ka zuba baƙin fenti a ramin harafi kai tsaye zai bi jijiya ya yi gashi a gefe. Ka fara shafa sila, wato ruwan toshe ƙofofin katako, hannu biyu a fuskar kafin yanka. Bayan yanka ka sake shafa sila a cikin ramukan da ƙaramin buroshi, ya bushe, sannan fenti. In ya bushe ka naɗa samfefa mai lamba 220 a kan guntun katako mai lebur ka bi tsawon jijiya, abin da ya hau sama zai tafi, na cikin rami ya zauna. Kada ka riƙe samfefar da yatsu, za ta cinye bakin haruffa.

Malama 'Yar Zazzau: Baba, ni da ruwan zinare na hango shi a kan jan katakon.

Baba Na'ibawa: 'Yata, fentin zinare na gwangwani yana dusashewa ya koma ruwan ƙasa. Kuma rubutun malamin allo da tawada aka san shi. Baƙi.

Injiniya Panteka: Ina bayan Baba. In kana da ledar rufi irin Oramask 813 za ka iya manna ta bayan sila ka yanka ta cikinta, ka yi fenti ka ɓare, amma hanyar Baba ma tana fitarwa. Abu biyu na lafiya. Ƙurar maɗaci da ta loko suna damun hanci da ƙirji, wasu har fata, ka sa takunkumi na gaske. In kuma ka shafa man linsid, kada ka dunƙule tsumman ka jefa cikin dusar katako, yana iya kama wuta da kansa. Ka baza shi a waje ya bushe ko ka jiƙa shi a ruwa. Sannan ranar yanka ka tashi janareta tun farko. In wuta ta ɗauke a tsakiyar siririn harafi, ko injin yana da ci gaba daga inda ya tsaya, sau da yawa sai an ga tabon.

Ɗan Sharaɗa: Assalamu alaikum, na dawo da labari. Mun sami addu'ar a bayan wata takarda da hannunsa, Malama ta gyara ta, alarammomi biyu sun duba sun sa hannu. Katakon ya daina rage nauyi, na tsaga na haɗa kamar yadda Baba ya ce. Na yi gwaji a ragowar falankin da wasu kalmomi daga takardun. Manyan haruffa sun fita tsaf. Amma a ƙananan, inda ɗigo ya matso kusa da harafi, ɗan katakon da ke tsakaninsu ya ɓalle a wuri biyu. Me zan gyara?

Injiniya Panteka: Siririn bango ne bit ya ture. Ka rage tafiya zuwa 800 a wannan layin, ka raba zurfin gida biyu, kuma ka sa sabon bit. In ka gama ka sake maimaita yankan a wuri ɗaya, zagaye na biyu yana share gashin da ya rage.

Malama 'Yar Zazzau: Zan matsar da ɗigogin rabin milimita daga jikin haruffa, ido ba zai gane ba. Ko kuma mu ƙara girman layin addu'ar gaba ɗaya, akwai fili a kan allon. Ni na fi son na biyun, don kada a taɓa rubutun hannun marigayi Baba.

Ɗan Sharaɗa: Mu ƙara girman, Malama.

Baba Na'ibawa: In ka zo banish ka shafa gaba da baya da gefuna hannu ɗaya, musamman sama da ƙasa inda bakin jijiya yake. In ka shafa fuska ka bar baya, bayan zai sha iska shi kaɗai allon ya lanƙwashe. Wajen kafawa kuma kada ya manne da bango. Ka sa 'yan guntaye a baya ya ba da tazarar yatsa ɗaya, iska ta wuce, kuma in gara ta fara gini a gan ta da wuri. Ramin sukuru ka buɗe shi ya fi sukurun faɗi kaɗan, katako yana motsi tsakanin damina da hunturu. Ka gaya wa mai kula da makarantar duk bayan damina a goge shi a ƙara hannu ɗaya.

Ɗan Sharaɗa: In sha Allahu Baba. Sukurori biyu a sama sun isa, ko in ƙara na ƙasa?

Baba Na'ibawa: Biyu a sama, ɗaya a ƙasa a tsakiya, saboda yara masu ja. Ka nemi na tagulla ko wanda ba ya tsatsa, na ƙarfe yana zubo baƙin layi a jikin katako.